Jajayen Awakin Inna

Abin da ya fi damuna a gidan nan na unguwar Gesse a Birnin Kebbi shi ne safiya. Hayaniya akwai ta har ta yi yawa, babura na tashi, injin ruwan maƙwabta na gurnani, yara na kukan takalmin makaranta ya ɓace. Amma babu abin da ke jiran hannuna. In na idar da sallah sai in zauna a kan darduma ina jan carbi har rana ta ɗago, ba wanda zai yi kuka don na makara. A gidan da na tashi, can bayan Argungu a kan hanyar Augie, tun kafin mutum ya sallame awaki sun ji motsin buta sun fara kira, tumaki su amsa musu, zabi su karɓa daga kan danga. Ba ka isa ka koma barci ba. Inna, wato mahaifiyata, ba ta tashin kowa da baki, ƙyauren garke kawai take buɗewa ta koma bakin murhu.

Mu ba mu san sayen abinci ba sai gishiri da kanwa da man fitila. Shinkafa daga fadama, gero daga tudu, albasa da rani, kifi kuwa in gulbi ya ja baya har yara ke kamawa da hannu a cikin tabo. Kuma ba abin da ake zubarwa. In an surfa gero dusar ta awaki ce, in an wanke shi ruwan tsarin nasu ne, a jefa ɗan ƙullun kanwa a ciki su sha har cikinsu ya yi tulu. Harawar wake da ta gyaɗa a ɗaure ta dami dami a jera a kan rumfa, mu kuma mu yi ta faɗa da su don kada su miƙe a ƙafa biyu su jawo. Abin da suka kasayar mu share shi da safe mu tara, Baba ya ɗora wa jaki a mangala ya kai gona, geron ya fito, dusar ta dawo bakinsu. Aikina ne sharar garke tun ban kai tsawon tsintsiyar kirki ba, kuma na tsane shi ƙwarai a lokacin. Yau da za a ba ni wannan warin na fitsarin awaki da danshin safe, wallahi da na shaƙa har ƙirjina ya cika.

Nama kuma ba kullum ake ci ba, sai da dalili. Suna, ko Layya, ko mai jego, ko baƙon da ya isa a zubar masa da jini, ko kuma bayan an gama sussukar shinkafa jiki ya gaji. Matan awaki ba a taɓa su, su ne iri. Mazan ake dandaƙewa tun suna ƙanana su zama taure, a ɗaure su daban a turke ana ba su na musamman har gashinsu ya riƙa ƙyalli. Ranar yanka Baba sai ya ba dabbar ruwa ta sha, ya ja ta bayan rumbu inda ’yan’uwanta ba sa gani, wuƙar ma a zaure yake wasa ta. Daga nan aiki ya dawo wurin mata. A wanke tumbi da hanji, a soya tsoka a cikin kitsenta a zuba a tulu ta yi wata biyu ba ta canza ba, a yanyanka yawara a shanya a igiya muna korar shirwa, fatar kuma ta zama buzu ko guga. Inna kan ce ita ba ta sa wa ’ya’yanta a baki naman da ba ta san abin da ya ci ba. Yanzu ga shi a baƙar leda ake kawo shi, a jefa a firji ya daskare kamar dutse, ba wanda ya taɓa ganin idon dabbar balle ya san halinta.

Awakin nan jajaye ne, kuma duk daga akuya ɗaya suka fito, wadda kakata ta ba Inna ranar da aka yi sunanta. Haka ake yi a danginmu. Duk ’ya macen da aka haifa, ranar suna a ɗaura mata ’yar akuya daga cikin irin nan, a tsaga kunnenta na hagu sau biyu don shaida. Tana girma akuyarta na haihuwa, in za ta gidan miji ta kora abinta gaba. Kuma duk ranar da aka yanka dabba, ko wa ya ci naman, kai da ƙafa na mai ita ne. Ranar da aka yanka taurena na farko na yi kuka har na shiɗe, don ni na shayar da shi kunu da tsumma lokacin da uwarsa ta ƙi shi. Inna ba ta rarrashe ni ba. Ta ajiye mini kan a gabana a cikin akushi, ta hura wutar kara, ta ce, “Tashi ki babbake abinki. Ke kiy yi wahala tai, ke ka cin kai nai.” Ina babbaka ina sharɓe, ƙanena Auta yana goye a bayana yana miƙo hannu. Da aka dafa, shi na fara gutsura wa harshen.

Ni na goyi Auta, ni na yaye shi, domin Inna ba ta ƙara samun lafiya sosai ba bayan haihuwarsa. Aure bai raba mu ba, a ƙauye ɗaya muka zauna, danga uku ce tsakaninmu. ’Yan’uwana mata duk awakinsu sun ƙare, wata cuta ta share nata, wata mijinta ya bi su da ɗaiɗai. Nawa ne kaɗai suka rage daga irin Inna. Da maigidana ya rasu, gwiwoyina kuma suka fara ƙin ɗaukata, babban ɗana da ke aikin gwamnati a Birnin Kebbi ya zo ya ce ba zai bar ni ni kaɗai ba. Na ce to awakina fa? Ya yi dariya ya ce tsakar gidansa siminti ne har bakin ƙofa, matarsa kuma ta shuka furanni. Sai na yi abin da kowa ke yi, na ba Auta kiwo. Goma sha ɗaya na kora masa da hannuna. Sharaɗin shi ne na kowa da kowa, in akuya ta haifi biyu ɗaya nasa ɗaya nawa, taki duk nasa, ni dai kada a taɓa matan, in an yi yanka kuma a kawo mini. Ya dafa kan babbar cikinsu, wadda nake kira Kyauta, ya ce, “Yaya, ki kwantar da rai. Awakin ga na Inna na, ni ma nonon su nis sha.”

Shekarun farko ba ni da abin cewa. Daga baya ma ban ga abin cewa ba, don nama bai taɓa yankewa ba. Duk ’yan watanni sai ga Auta a bakin ƙofa da ƙunshi a cikin buhu, cinya da haƙarƙari da hanta. Ni kuwa sai in cika in batse. In sa surukata ta kawo wuƙa da tire, in rarraba wa maƙwabta, ina aika yara da saƙo cewa a gaya musu wannan naman gida ne, ba na kasuwa ba. In baƙi sun zo in ce su ɗanɗana su ji, dabbar da ta ci harawa da dusa daban take da wadda ta ci leda a bola. Su ce lallai Hajiya, akwai bambanci. Abu ɗaya ne ya riƙa yi mini ƙaiƙayi, ba ya zuwa da kai da ƙafa. Na tambaya, ya ce matarsa ce ke da ciki take kwaɗayinsa. Wani zuwan ya ce zafin hanya zai ɓata shi. Wani zuwan liman aka kai wa. Na ce a raina yaron nan ya manta al’ada, amma mutumin da ke share maka garke kullum ba ka tsananta masa a kan kan akuya.

Abin da ya fi naman daɗi shi ne labarin. Auta ya zauna a kan tabarma yana shan fura, ni ina tambaya yana amsawa. Kyauta ta tsufa haƙoranta sun zube, amma tana nan da masifarta. ’Yarta mai farin goshi ta haifi uku. Wani ɗan bunsuru ya shiga albasar maƙwabci har an yi cacar baki. In yi ta dariya har da hawaye. In ya ce wata tana zawo, in ce ya jiƙa mata saɓara, ya rage mata ɗanyar ciyawa. In ƙulle masa kanwa a gefen zane in ce ta masu ciki ce. Da damina in hadari ya haɗo ta gabas sai in tashi zaune ina tunanin ko an shigar da su rumfa. Sau da yawa na ce zan je in gan su, kullum sai wani abu ya gitta. Ɗana ya ce hanya ta lalace, ko aiki ya yi masa yawa, ko likita ya hana ni doguwar tafiya. Shekara shida ina kiwo da baki daga kan darduma.

Sai surukata ta haifi mace, bayan maza uku. Ran nan ban san inda ciwon gwiwa ya tafi ba. Na ce wa ɗana gobe za mu ƙauye, ni zan zaɓo ’yar akuyar jaririya da idona, in tsaga mata kunne da hannuna, in kamo taure biyu na masu jego. Ya ce ai sai a aika wa Kawu Auta ya kawo. Na ce Kawunka bai san wadda nake so ba. Da gari ya waye ya ce motarsa na gareji wurin gyara. Na ɗauki mayafina na ce to a tsayar mini da ɗan acaba ya kai ni tasha, ba yau na fara shiga motar haya ba. Ya tsaya yana kallona, sannan ya shiga ɗaki ya fito da makullin motar da ya ce tana gareji.

Tun daga Birnin Kebbi har muka wuce Argungu bakina bai rufu ba. Fadama ta yi kore shar da shinkafar rani, ko’ina injin ban ruwa na tatata, abin da ba mu sani ba a zamaninmu. Ina ta lissafa masa wadda nake ganin za ta dace, ko jikar Kyauta ko ta mai farin goshi. Da muka tsaya a ƙofar gidan Auta na sauko na yi sallama, sai na ji abin da ban taɓa ji ba a gidan nan, shiru. Ko kaza ba ta amsa ba. Na wuce kai tsaye inda garke yake. Ɗakin bulo ne a wurin, da rufin kwano, ƙofarsa a buɗe. Buhunan takin zamani a jere, jarkokin fetur, da tiyo a nannaɗe. Na duba ƙasa ko zan ga ƙwayar kashin akuya guda ɗaya, ban gani ba. Matar Auta ta fito daga madafa, tana ganina ta ja mayafi ta rufe fuska ta durƙusa, gaisuwar ma ta kasa ƙarasawa.

Aka kira Auta daga fadama. Ya shigo da tabo har gwiwa, ya tsuguna nesa da ni.

Na ce, “Auta, ina awakina?”

Ya shiga tona ƙasa da tsinke.

Na ce, “Da kai nike. Sun tahi kiwo ko mi?”

Ya ce, “Yaya, babu su.”

“Cuta ta?”

“A’a. Shekarad da gulbi yac cinye muna shinkahwa, ba mu da ko tiya guda cikin rumbu. Kowa ya koma noman rani, wanda ba shi da inji sai shi zauna kallo. Nis sai da huɗu, nic ce in an girbe in maida. Sai taki, sai mai, sai iri. Kahin in ankara sun ƙare.”

Na ce, “Har Kyauta?”

Ya ce, “Ita ta hwarko. Ita tah hi tsada.”

Na san shekarar da yake nufi, ita ce ta biyu da barina ƙauye. Ke nan Kyautar da haƙoranta suka zube, da mai farin goshin da ta haifi uku, da ɗan bunsurun da ya ci albasa, duk a bakinsa aka haife su. Kanwar da nake ƙullawa ban san wa ya sha ta ba. Na ce, “Mi yah hana ka hwaɗa mani? Yunwa na gidanka in hana ka awaki, ni da nig goye ka? Da ka zaka ka ce Yaya ga hali, da na ce ɗauki goma ka bar mani guda. Guda ɗai, Auta, mace.”

Ya ce, “Kunya nij ji.” Da ya tsaya nan da sauƙi. Sai ya ƙara da cewa, “Amma Yaya, akuya ai akuya ta. Ranar kasuwar Argungu jajaye cike suke, in samo maki wadda tah hi su kyau.”

Na miƙe, matarsa na roƙona in sha ko ruwa, na wuce mota.

Mun yi nisa kafin wani tunani ya zo mini. Mutumin da ya sayar da awaki don ya sayi taki, ina ya ga abin sayen cinya da haƙarƙari shekara huɗu? Na juya na kalli ɗana. Idonsa na kan hanya. Na ce, “Naman da Kawunka ka kawowa, daga ina yake?” Ya rage gudu ya sauka gefen titi. Ya ce, “Hajiya, ni ke saye, nan mahautar Birnin Kebbi. In ya zo sai mu haɗu a bakin hanya in ba shi ya shigo da shi. Na ga kina jin daɗi ne, ban so ranki ya ɓaci.” Na ce matarka ta sani? Ya ce ta sani. Na ce maƙwabtan da nake aika wa fa? Ya sunkuyar da kai.

Wannan ya fi na Auta ciwo. Auta yunwa ta kore shi ya yi abin da ya yi, amma waɗannan a ƙoshe suka zauna suka shirya mini wasa, kamar yarinyar da ake ba ’yar tsana don ta yi shiru. Suna zaune ina cika baki a gaban baƙi, suna gyaɗa kai. Kuma ni da nake cewa harshena ya san naman gida, shekara huɗu ina cin na kasuwa ina lumshe ido. Da an gaya mini tun a shekarar, da na bi sawu. Ƙauye ba ya ɓoye wanda ya sayi akuya, da na samo ko ɗaya mai tsaga biyu a kunne kafin ta shiga motar kudu. Tausayin da suka ce sun ji mini shi ya cinye wannan damar.

Ranar suna gida ya cika. An yanka ragon kasuwa, an raɗa wa yarinya sunan Inna don a faranta mini. Da hantsi sai ga Auta ya shigo har tsakar gida yana jan wata ’yar akuya ja, kyakkyawa kuwa, ba zan yi mata ƙarya ba. Ya miƙo mini igiyar a gaban mata. Wata tsohuwa daga danginmu da ta zo daga Augie ta rangaɗa guɗa ta ce, “Ayyururui, irin gida ya iso! Ɗiyar wace ta cikin awakin?” Surukata ta ƙura mini ido, ɗana yana tsaye a bakin ƙofa. Abin da suke so ƙarami ne, in karɓi igiya in ambaci sunan wata akuya, biki ya tafi lafiya. Na ce, “Ku tambayi Auta, shi yas san kasuwad da yas sawo ta.” Guɗar ta tsaya a tsakiya. Ban karɓi igiyar ba, har hannunsa ya gaji ya sauke. Na ɗauki jaririyar na yi mata addu’a, babu akuyar da zan ba ta, ni ce mace ta farko a danginmu da ta yi haka.

Yarinyar yanzu tana gudu ko’ina. Rannan wata akuya ta leƙo ƙofar gida, ta ƙwalla ƙara ta ruga ta ɓuya a bayan uwarta, aka yi ta dariya. Auta kuma bai daina zuwa ba. Noman rani ya karɓe shi, ya yi ƙiba, ya sayi babur. Yana gaishe ni ina amsawa, ina sa a kawo masa fura, don jini ba ya ƙarewa. Sau uku yana durƙusawa a gabana yana cewa, “Yaya, ki gahwarta mani.” Duk ukun na ce Allah shi gahwarta muna baki ɗaya. Bai taɓa jin na ce na yafe ba, kuma na san ya lura, don duk ranar da zai tafi sai ya ɗan tsaya a bakin ƙofa yana jira.